Yadda Ɗaɗɗoyar Daji Ta Shigo Garinmu

Damina ce mai ruwa, ta shekarar da aka ce Nasara ya tattara nashi ya bar mamu ƙasa. Ni ban ga tafiyarshi ba, kamar yadda ban ga zuwanshi ba. Abin da na sani, mazan garinmu sun je Gazawa sun dawo da labarin sabuwar tuta da kaɗe-kaɗe, tsofaffi suka tambaya ko yanzu ƴan duwan, masu karɓar kuɗin fito, za su daina tare jakin mutum a kan iyaka, aka ce masu a'a, sai suka saɓi hauyoyinsu suka koma gona. Shekarar ta yi daɗi, wannan kam ba na mantawa. Hatsi ya yi tsawo har mai doki yana ɓacewa a cikinshi, tabkuna suka cika suka haɗe, kwaɗi ba su yin shiru ko da rana, ƙasa kuma kullum da ƙamshin jiƙa. Mutane suna ta cewa komai zai zama sabo. Ni dai sabon abin da ke gabana shi ne cikin fari, wanda ya tsufa, aka ɗora ni a jaki aka kai ni gidanmu goyon ciki.

Gidanmu yana can ƙetaren iyaka, wajen Katsina, tafiyar wuni ɗaya in jaki bai yi gardama ba. Kakannin mutanen garin mijina ma daga can suka taso, shi ya sa aure bai taɓa yankewa tsakaninmu ba. Sai dai ƙasarmu ta fi tasu damshi. Fadama ce a bayan gidanmu, sauron da ke cikinta kuwa in ya taso da magariba sai ka rantse goge ake yi a kunnenka. Can na haihu, ɗiya mace, wadda har yau bakina bai saba da kiran sunanta ba. Duk maraice, in an gama mani wankan jego, Inna da ta haife ni takan zuba garwashi a kasko, ta ɗora wani ganye a kai, ta zagaya ɗakin da shi lungu-lungu har ƙarƙashin gado. Hayaƙin yana sa hawaye, yana shiga zane ya kwana uku bai fita ba, amma sauro ko ɗaya ba ya tsayawa. Ɗaɗɗoyar daji suke ce mata. Ba irin ɗaɗɗoyar gida ba ce da ake jiƙa ma mai mura. Wannan karanta kusurwa huɗu gare shi, ganyenta da gashi-gashi yana manne ma yatsa, furenta ƙanana ne shuɗi-shuɗi, in ka murza ta kuma abin da za ka ji yana tsakanin ƙamshi da wari, ba ka iya cewa ga inda ya faɗa. Inna ta ce ita ma ba da ita ta tashi ba, a bakin hanyar mota ta fara ganinta. Takan kuma shimfiɗa busasshen ganyen a tukunyar irin wake, ta ce ƙwaro ba ya son shi.

Sai da aka yi girbi na koma ɗakina. Cikin kayan da aka haɗa mani, da tukunyar yaji da sababbin ƙorai da ƴan zannuwa, Inna ta ɗaure mani dami guda na busasshiyar ɗaɗɗoyar nan, da ganyenta da kawunanta. Ta ce tunda can ba ku da ita, ki riƙa yi ma yarinyar nan hayaƙi, jinin jariri ɗan kaɗan ne, bai isa a raba da sauro ba. Ba wanda ya duba damin. A kan iyaka ma ba mu gamu da kowa ba sai wata tsohuwa mai tallar daddawa. Da na iso na soke shi a rufin ɗakina. Hayaƙin ɗakin mai jego kuwa ba a tambayar na mene ne, kowace mace da irin turaren gidansu.

Gidan mijina babban gida ne na gandu. Mai gidan shi ne uban mijina. Tsoho muke ce mashi in ba ya kusa, in yana kusa kuwa ba na ce mashi komai. Haka ake a lokacin. Matar ɗa ba ta kallon idon surukinta, ba ta kama sunanshi, ba ta cin abinci inda zai gan ta. In muka yi kiciɓis a hanyar rijiya sai in ratse cikin ciyawa, in durƙusa in ba shi baya har ya wuce. In yana son wani abu daga gare ni, Iya yake gaya mawa, wato uwar mijina, ko da kuwa ina tsugune a gefenta ina jin shi, ita kuma ta juyo ta maimaita mani kamar ban ji ba. Yanzu ina ganin matar jikana tana miƙa ma surukinta waya hannu da hannu, har ta nuna mashi inda zai danna, su yi dariya tare. Ban ce laifi ba ne. Amma ni na yi shekaru a gidan nan ina daka mashi fura, ina wanke mashi akushi, Tsoho bai san irin muryata ba.

A bakin tabkin gabas da gari Tsoho yana da wata saura, tsohuwar gonar da aka bari ta huta. Nan wasu Fulani suke zaune tun kafin a kawo ni garin. Gida ɗaya ne, bukka uku, shanun ba su da yawa. Zaman nasu magana ce ta baki tsakanin Tsoho da mahaifin mai rugar, wanda ya riga mu gidan gaskiya: su zauna a saurar da damina su sha a tabki, da rani su sha a rijiyar gari, in an kwashe amfani kuma su kai shanu su kwana a gonakin gidanmu su zuba taki. Tsoho yakan ce rabin hatsin da ke rumbunshi shanun nan ne suka noma shi. In kaka ta yi, da asuba kana daka kana jin kukansu daga gona, da ƙarar karan da suke karyawa, da muryar mai rugar yana kiran kowace da sunanta. Yanzu wa zai bar ma saniyar wani kara? Kafin a ɗaure damin ƙarshe an kwashe karan an ɗora a amalanke an kai gida, taki kuma na buhu ake nema.

Matar mai rugar ita ke kawo mamu nono. Doguwa ce siririya, ta ɗan girme ni, tana da wushirya da bakin tsokana. Tun ina amarya ta ga ba ni da kowa a garin, sai ta riƙa tsayawa a ƙofar ɗakina tana yi mani ba'a, wai Kaɗo, wato Bahaushe, bai san nono ba, in an ba shi ruwan farar ƙasa ma zai dama fura da shi ya yi godiya. Ni kuma in ce mata Bafillatana ba ta san ƙoshi ba sai ranar da ta shigo gari. Daga nan muka ƙulla ƙawance yadda ake yi, na kai mata goro da ƙwaryar gari, ta kawo mani man shanu a ɗan ƙoƙo. Tun ranar ba ta ƙara kiran sunana ba, ni ma haka. Ƙawa kawai.

Da na dawo daga jego ta zo ganin jaririya, goye da nata ɗan, fuskarshi duk ta yi ruɗu-ruɗu da cizo, don bakin tabki ko da kaka sauro ba ya ƙarewa. Sai na sauko da damin nan na raba biyu na ba ta rabi, na nuna mata yadda Inna ke yi. Ta shinshina, ta yamutsa fuska, ta ce wannan ai bunsuru ne aka shanya. Ta dai ɗora a kan ƙwaryarta ta tafi da shi. Bayan kwana biyu ta ce mani yaron ya yi barci, har maruƙa sun samu sauƙi, don ta yi masu hayaƙin a bakin dangwali, igiyar da ake ɗaure su a jere. Ganyen take ƙonawa, karan da kawunan kuwa ta watsar a bayan bukka, nan inda taki ya fi yawa.

Nawa rabin na yi ta lallaɓa shi har ya ƙare. Da na ga ba abin da ya rage sai kawuna, na murje su a tafin hannu, ƴan ƙwayoyi baƙaƙe suka zubo, na ƙulle su a tsumma. Da ruwan shuka ya sauka na watsa su a gefen gamanata, ƴar gonar da aka yanka mani ta kaina, wadda ke bakin burtalin da shanu ke bi zuwa tabki. Da gangan na yi, ba suɓucewa suka yi ba. So nake in samu abin gidanmu kusa da ni, in daina jiran sai wani ya zo daga can. Ta fito kafin hatsi ya fito. Ranar noman fari na bi ta da hauya ina kewaye ta a hankali yadda ake kewaye kuɓewa ko yakuwa, har ina jin daɗi in na dawo gida hannuna yana warinta.

Shekarar farko ƴan tsiraru ne, a gamanata da bayan rugar. A ta biyu suka yi duhu. A ta uku na fara ganinta inda ban zuba ba. Ashe kawunan nan da ƴan ƙayoyi gare su, suna maƙalewa a jelar saniya da gashin tunkiya da gefen zane, in ruwa ya taɓa ƙwayar kuma sai ta yi yauƙi ta manne ma kofato. Duk inda shanu suka bi ta bi. Ita kuma ba dabbar da ke cin ta. Saniya ta kai baki ta shinshina ta kau da kai. Akuya, wadda ba ta barin ko tsumma, ita ma wucewa take. Tana riga kowace ciyawa fitowa, ta yi tsawo ta kai ƙirjin mutum, ta rufe ƙasa da inuwa, abin da ke ƙarƙashinta ya mutu. Bakin tabkin nan da can kyasuwa ce da harkiya da burburwa, in iska ta kaɗa sai ka ga kamar ruwa ne ke tafiya. Nan muke tsinkar tafasa da lalo in mun taso daga gona, kowace ta cika gefen zanenta, miyar ranar ta samu. Kafin a ankara duk ya zama abu ɗaya, kore shar, ba amfani. Na daina kewaye ta da hauya. Na koma cire ta daga gamanata a ɓoye ina turawa ƙarƙashin ƙaya, ban gaya ma kowa dalili ba.

Yau ba yaron da zai yarda an yi lokacin da babu ita. In ka hau amalanke daga nan zuwa Gazawa, ita ce dama da hagu. Ɗana da ke kai kaya da moto har Sae Sabuwa da Cadakori ya ce can ma ta kama burtali da makiyaya. Da rani ta bushe ta tsaya ƙiƙam, in wuta ta kama ta sai ta Allah. Ana tara samari su cire, baɗi ta dawo ta fi da. Jikata ta dawo daga lakol, wato makaranta, ta ce mani mushensu da ke koyar da su ya ce asalinta ma ba ta ƙasarmu ba ce, daga bayan teku ta zo, kuma ta hanyoyi da yawa ta shigo, a tayar kamiyo mai ɗaukar kaya, a buhun iri, a jikin dabbobin fatake. Na yarda da shi, ya fi ni karatu. Ni nawa karatun na yaƙi da jahilci ne, da furfurata na koye shi a gindin iccen bedi. Ko ban ɗauko ta ba da ta zo. Amma wannan tunanin na yanzu ne. A garinmu, a waɗancan shekarun, na san hannun da ya kawo ta, kuma mu biyu ne kaɗai muka sani.

A damina ta biyar magana ta tashi. Awakin gari sun rame ana tsakiyar ruwa, abin da ba a taɓa gani ba, ciyawar kuma ta fara shiga gonakin da ke kusa da burtali. Mutane suka duba inda ta fi kauri, suka ga bayan ruga ne, nan ta fi tsawo har tana neman rufe bukka. Shi ke nan an gama shari'a. Aka ce Fulanin nan ne suka kwaso ta a jelar shanunsu daga kudu, wasu har suka ce da gangan, wai magani suka binne. Akwai kuma abin da ba a faɗa da ƙarfi. Shekarun nan ne gujiya ta yi daraja, kowa yana neman inda zai ƙara shuka ta, saurar Tsoho kuwa ta sha taki shekara da shekaru, ido da yawa yana kanta. Ranar wata Juma'a aka taru a ƙofar maigari, aka ce Tsoho ya karɓi saurarshi, Fulani su tashi nan da Juma'a mai zuwa. Tsoho bai so ba, amma shi ma ya ga ciyawar da idonshi a bayan rugar, ga shi gari duka yana gefe guda. Ya ce to.

Mijina ne ya kawo mani labarin, yana wanke hannu zai ci tuwo. Na ce mashi ba su ba ne, ni ce, na faɗa mashi komai tun daga kaskon Inna. Mutum ne mai sanyi, bai taɓa ɗaga mani murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya ce in rufe bakina. Ya ce ni baƙuwa ce a garin, in aka ji, har jikokina za a riƙa nunawa ana cewa ga ɗiyan wadda ta kashe makiyaya, gidansu kuma ba zai ƙara ɗaga kai a ƙofar maigari ba. Fulani ai tafiya ce aikinsu, in ji shi, yau suna nan gobe suna can, ba za su ji zafinta kamar mu ba. Kwana huɗu ina riƙe da maganar a cikina, ina daka, ina ɗebo ruwa.

Ranar Laraba Ƙawa ta zo da nono kamar kullum. Ta sauke ƙwarya, ta zuba mani, ta yi ma ɗiyata wasa, ta ce nonon ya yi ƙaranci bana, in yi haƙuri. Ba ta ɗauko zancen ba sai da na ɗauko. Ta ce e, jibi za su ɗaura kaya. Na tambaye ta ina, ta ce mai rugar yana cewa arewa, amma bai san ta inda za su bi ba. Hatsi ya fid da kai ko'ina, burtali ya matse, shanu da yunwa, in suka faɗa gonar wani sai jandarma. Ga uwar mijinta tsohuwa da ba ta iya tafiya, ita kanta kuma cikinta wata bakwai. Tana faɗa tana gyara faifan ƙwaryarta, kamar labarin wasu take ba ni.

Na ce, "Ƙawa, kin gaya ma mai rugarku inda ciyawar nan ta fito?"

Ta ce, "Ina ta fito?"

"Kin sani."

"Ni dai na san ɗana ya yi barci a shekarar nan," in ji ta. "Abin da ƙawa ta ba ni a ɗakinta ba na kai shi ƙofar maigari. Ke dai ki ajiye mani dusa, in mun dawo wata shekara in karɓa."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Da ni da ita mun san wanda aka tasa haka ba ya dawowa.

Alhamis na wuni ina neman hanya. Ƙofar maigari ba wurin mace ba ce, balle ƙaramar mace. Mijina ya riga ya faɗi tashi. In na gaya ma Iya a ɗaki, na san ta, son gidanta zai sa ta ce abin da ɗanta ya ce, maganar ta mutu a nan. Mutum ɗaya ne zai iya warware abin, shi ne kuma wanda ba ni da bakin yi ma magana.

Bayan la'asar Tsoho yakan zauna a tsakar gida gindin rumbu yana tufkar igiyar rama, Iya kuma a tabarmarta nesa kaɗan tana kaɗi. Ranar ma haka. Na jingine taɓarya, na zo na durƙusa gaban Iya, na ba Tsoho baya yadda ya kamata. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga murya daidai yadda za ta kai gindin rumbu.

Na ce, "Iya, ina da magana. Ciyawar nan da ake cewa Fulani sun kawo, ba su ba ne. Ni na ɗauko ta daga gidanmu shekarar da na haihu. Ni na ba matar rugar rabi saboda sauro. Abin da ya rage na shuka da hannuna a bakin burtali."

Mazarin Iya ya tsaya. Ta zaro ido tana yi mani alama in sassauta, ta ce a hankali in tashi mu shiga ɗaki. Ban tashi ba. A bayana na ji tufkar ta tsaya, ɗan sautin nan na tafin hannu a kan cinya ya ɗauke. Kaji suna ta tononsu a bakin turmi. Can sai Tsoho ya yi gyaran murya, ya yi magana da Iya kamar ba ni a wurin.

"Tambaye ta, shuka ta ta yi, ko zubewa ta yi?"

Iya ta dube ni. Na ce, "Iya, shukawa na yi. Har noma na yi mata."

"Tambaye ta, ita matar rugar ta san daga gidan nan ta fito?"

"Iya, ta sani."

"Kuma ta ji an ce su tashi, ba ta faɗa ba."

Wannan bai ce a tambaye ni ba. Sai ya ce ma Iya ta miƙo mashi babbar rigarshi da sandarshi. Iya ta ce rana ta kusa faɗuwa, ya bari sai da safe mana. Ya ce da safe mutane sun ɗaura kaya. Da zai fita ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Ki gaya ma yarinyar nan ta tashi, gwiwarta za ta yi ciwo."

Abin da ya faru a ƙofar maigari daga bakin mijina na ji shi, don ya bi uban nashi a baya. Tsoho bai kama sunana ba, bai ma ce mace ce ba. Ya ce ya bincika, ciyawar daga gidanshi ta fita, Fulani karɓa suka yi a hannun mutanenshi, don haka maganar da ya yi ranar Juma'a ya janye ta. Aka yi ta surutu. Wani ya ce ko ma wa ya kawo ta, ai shanu ne ke yaɗa ta. Wani ya ce a faɗi ko wane ne a gidan. Tsoho ya ce gidan nashi ne, duk wanda ke ciki shi ne, mai son tayar da wani ya zo ya tayar da shi. Saura kuma tashi ce, alkawarin da ke kanta da mamaci aka yi shi, ba zai je lahira ya tarar da mutumin yana jiran shi da tambaya ba. Maigari ya ga mai ƙasa ya faɗi tashi, ya ce to a bar su, amma gidan Tsoho da rugar su san yadda za su yi da ciyawarsu kafin ta zubar da iri. Aka kira magariba aka watse.

Iya ba ta raga mani ba. Ta ce shekara biyar ina kallon abu yana cin gari, ina daka ina waƙa. Ta ce dama tun farko ta san ta taɓa jin warin nan a wani wuri. Ta ce gobe matan rijiya za su gane, don ba su da wauta, in shirya jin magana har tsufana. Gaskiyarta kuwa, na ji ta, akwai tsofaffin da har suka mutu mai ɗaɗɗoya suke ce mani. Da ta gama faɗan sai ta turo mani akushin Tsoho da tuwon da ya rage, ta ce shi ya ce a ba ni. Ya kuma ce wadda ta kai ma Fulani ciyawar ita za ta kai masu maganar.

Da gari ya waye na bar yara wurin Iya, na saɓi hauya na kama hanyar tabki. Raɓa ta jiƙa ni har ƙugu, don ɗaɗɗoyar ta rufe hanyar, furenta ya fara buɗewa. Na tarar sun riga sun kwance bukka biyu. An ɗora ma takarkari kaya, an gyara ma tsohuwar wurin zama a kan jaki, mai rugar yana kwance maruƙa ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi, na faɗa mashi saƙon Tsoho yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba: an janye magana, su zauna, ciyawar daga gidanmu ta fito. Ya tsaya da igiya a hannu yana kallon shanunshi. Ya tambaya ko Tsoho ne da kanshi ya faɗa a gaban mutane, na ce shi ne. Sai ya sunkuya ya mayar da ɗan maraƙin da ya kwance.

Ƙawa tana bayan takarkari tana ɗaure ƙoranta cikin raga. Ta ji komai. Ba ta juyo ba sai da na zo kusa.

Ta ce, "Ke kika faɗa."

Na ce ni ce.

"A gaban surukinki?"

"Na ba shi baya."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta girgiza kai. "Ku mutanen gari cikinku ba ya riƙe magana. Yanzu da wane ido za ki je rijiya?"

Na ce da wanda na zo nan da shi.

Ta ce to tunda na zo in kama mata. Muka sauke ƙoran ɗaya bayan ɗaya muka jera su inda suke. Ba ta yi mani godiya ba, ni ma ban ba ta haƙuri ba. Ta dama fura muka sha a tsaye. Sannan ta gyara ɗaurin zanenta a bisa cikin nan nata, ta dubi hauyata ta ce in ajiye ta, wannan abin in an sare shi tohowa yake, sai an tumɓuke shi da hannu har saiwa. Muka fara daga inda ta fi kauri, muna tarawa a gefe don a ƙona. Hantsi bai yi ba sai ga mijina ya ɓullo ta burtali, ya naɗe hannun riga ya kama daga ɗaya gefen. Muka yi ta cira har azahar, tafin hannuna ya saɓule, ba mu share ko bayan bukka guda ba. Da na miƙe in sha ruwa na ga bukkokin nan biyu da aka kwance an sake kafa su, tsohuwar tana zaune a ƙofar tata tana cin goro.